Ni da Surukina a Hanyar Agadas

Tun da na dawo daga Nijar ban zauna a majalisarmu ta Ƙofar Sauri na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "Malam Kabiru, wai da gaske ne ɗaki ɗaya kuka kwana da surukinka?" Kafin in amsa wani ya jefo tasa: "Wai an kama ku da igwa a kan iyaka?" Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi, ga shi kowa na ƙara masa gishiri a hanya. Shi ya sa na ga gara in zayyana shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambayata in ce ya je ya karanta.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a nan cikin gari. Shekarun nan da soja suka koma bariki aka fara buɗe shagunan intanet, a ɗaya daga cikinsu na ci karo da hotunan gajimaren taurari. Ba gajimaren ruwa ba. Wani irin hayaƙi ne mai girman da ba ya misaltuwa, can cikin sararin samaniya, inda sababbin taurari ke tsirowa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne masu ɗaukar hotunan ba wasu manyan masana ba ne, mutane ne irina, a bayan gidajensu suke yi. Na yi ta tari har na sayi madubin hangen nesa na gwanjo da wata tsohuwar kyamara, na ɗora su a kan soron gidana.

Kyamarar baƙi da fari kawai take ɗauka. A bakinta ana sa wani ɗan gilashi mai faɗin bakin kofin shayi, wanda nake kira rariya, don aikinsa ke nan: ya tace hasken duniya duka, ya bar na iska guda ɗaya tak ya wuce. Rariyar iri uku ce, ta haidurojin, ta oksijin, da ta farar wuta, wato sulfa. Sai ka ɗauki gajimaren da kowace, sannan ka haɗa hotunan a kwamfuta ka ba kowanne launi. Ni ta haidurojin kaɗai gare ni, shi kuwa haskensa ja ne, saboda haka duk hoton da na yi ja yake fitowa jawur. Ranar da na nuna wa matata Hajara wanda na fi alfahari da shi, wani gajimare mai kama da fure da ke can gabas da taurarin Kaza da 'Ya'yanta, ta duba ta ce, "Malam, wannan ai hanta ce."

Ana nan sai wani tsohon malamin makaranta a Agadas, mai suna Ibro, wanda muka saba ta intanet, ya gayyace ni. Ya ce a hutun sanyi wata Baturiya za ta sauka a gonarsa da rariyoyin nan uku, in zo in koyi haɗa launi. Ina cikin shiri aka ce mahaifin Hajara na kirana.

Alhaji Mamman babban ɗan kasuwar shadda ne a wajen Gobarau, mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ka ji kamar ka yi laifi. Na durƙusa a zaure, muka gaisa har gaisuwar ta ƙare, sannan ya ce, "Malam Kabiru, an ce mani ba ka kwana ɗaki, bisa soro kake kwana. Mutane sun fara tambayata ko duba kake yi."

Na ce, "Baba, ba duba ba ne, hoto ne."

"Hoton mi?"

"Hoton hayaƙi, Baba."

Sannan ya ce, "Tare za mu tahi, a motata. In gani da idona. In abin kirki ne, shi ke nan. In ko shirme ne, ranar da muka dawo za ka sauko da wanga bututu daga soro, ɗiyata ta samu miji."

Me zan ce? Na ce Allah ya kai mu.

Matsalar farko ba ta jira mun bar Katsina ba. Mun wuce Ƙofar Guga ke nan ya buɗe kwanon ƙosai ya ce, "Bismillah." Ni da ban taɓa ko shan ruwa a gabansa ba, na ce na karya. Ban karya ba. Har muka kai Jibiya ƙanshin ƙosan nan na yawo a cikin motar, ni kuma ina tuƙi ina haɗiyar yawu.

A kan iyaka, ɓangarenmu ba a daɗe ba, don rabin ma'aikatan sun san Alhaji. A ɓangaren Nijar ne wani matashin ma'aikaci ya buɗe bayan mota, ya ga farin bututu mai tsawon mutum kwance a cikin bargo. Ya ja da baya, ya kira abokan aikinsa. Na yi ta bayani cewa na kallon taurari ne. Ya ce to, in nuna masa tauraro. Rana tsaka! Da na ga ba mafita na kafa madubin a bakin titi, na saita shi kan wata rumfa can nesa inda shugabansu ke zaune. Na manta ban gaya masa irin wannan madubin juye abu yake yi ba. Ya kanga ido, ya ga mai gidansa ƙafafu a sama kai a ƙasa yana cin gyaɗa. Dariyar da ya yi sai da ya zauna a ƙasa. Nan da nan aka yi layi, har da direbobin tirela da mata masu tallar fura. Shi ma shugaban ya taso ya ce sai an juya masa yaransa ya gani. Mun ɓata kusan rabin yini, amma da za mu tafi sara mana aka yi.

Da muka yi nisa Alhaji ya dube ni. Ya ce, "Abin da ke mai da babba ƙasa, ƙarami sama. Lalle na zamanin siyasa ne."

A Maraɗi muka kwana, gidan wani abokin cinikinsa. Maraɗi kam kamar ka shiga wata unguwa ce ta Katsina, sai dai burodinsu dogo ne kamar sanda, da tauri kuma kamar ita, ga Faransanci da ke faɗowa cikin magana ba sallama. Mai gidan ya tambayi sana'ata, aka ce malamin makaranta ne. Sai ya washe baki ya ce, "Madalla! Sannu da zuwa, Mushe Kabiru."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ashe can haka suke kiran malamin boko, girmamawa ce. Alhaji ya sa gefen rawani ya toshe baki, kafaɗunsa na rawa. Daga ranar har muka dawo bai sake kirana da wani suna ba. "Mushe, tsaya mu yi salla." "Mushe, rage gudu."

Ɗaki guda aka ba mu, da gado guda. Na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, na kwanta da riga da hula kamar mai jiran mota. Tuwon da aka kawo kuwa, na ce cikina ba daɗi. Da na tabbata ya yi barci na lallaɓa waje na ci busasshen burodin nan a tsaye a bayan rijiya, ina yi ina waige.

Daga nan hanya ta miƙe ta Ƙonni da Tawa da Abalak. Ba zan ce muku komai game da ita ba sai cewa doguwa ce, kuma raƙuma ba su san hon ba. A wani shinge jandarma ya ce mu ba shi "kaddantite." Alhaji ya ce shi bai zo da ita ba, shadda yake sayarwa. Sai da na fito da katin shaidarmu aka rabu lafiya. A bayan Abalak yunwa ta kai ni inda na fara ganin titin biyu-biyu, na kusa sauka gefe. Alhaji ya ce in tsaya. Ya fito da kilishi da wani busasshen cuku na Buzaye, ya ajiye a kan bonet, ya juya mini baya yana kallon daji.

"Mushe," ya ce, "ni ban ganin komi. In ka kashe mu da kunya, wa zai gaya ma Hajara?"

Na ci har da lashe takarda.

Gonar Mushe Ibro tana wajen garin Agadas, 'yan dabino ne da rijiya da ɗakunan ƙasa biyu. Shi dattijo ne siriri mai yawan fara'a. Baturiyar kuwa, Madam Iren, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, gajera, gashinta fari fat, muryarta kamar ta mai horar da soja. Ta miƙo wa Alhaji hannu, ya dafe ƙirji ya ja da baya. Ta ɗauka ciwon zuciya ne ya taso masa, ta kama wuyan hannunsa tana duba agogo. Da ƙyar Mushe Ibro ya raba.

Al'adun wurin nan sai wanda ya gani. Ana barci da hantsi, a tashi da la'asar. Shayi ɗan mitsitsi a kofin gilashi, ɗaci kamar magani, kuma ba a tashi sai an sha zagaye bayan zagaye. Burodi a cikin rairayi mai zafi ake gasa shi, a kakkaɓe a ci, haƙoranka na ba ka labarin inda ya kwana. Babbar doka kuma, da rana ta faɗi ba a kunna farar fitila, sai ja. Alhaji yana da wata tocila mai batir shida da yake ji da ita. Daren farko ya haska ta zai yi alwala, Madam Iren ta yi wata ƙara da ta sa akuyoyin gonar suka watse.

Da muna hira ta tambaye ni yaya sararin Katsina yake. Na ce da an ɗauke wuta garin kan yi duhu ƙirin, taurari su fito kamar a miƙa hannu a tsinko, sai dai a lokacin kuma babu abin da zan kunna kyamarar da shi. Ta ce a garinsu fitilu sun cinye sama, ita da za ta samu garin da ake ɗauke wuta da ta ƙaura. Na ce ai 'yan siyasarmu sun yi alkawarin gyarawa. Sai ta ɓata fuska, ta ce kaico. Da aka fassara wa Alhaji ya ce, "Gaya mata ta kwantar da hankalinta."

Rana ta biyu ce aka yi abin da har yanzu ban manta da shi ba. Madam Iren ta fito da rariyoyinta tana nuna mini yadda ake riƙe su ta gefe, ba a taɓa fuskarsu, ko numfashi ba a yi musu. Ta ajiye ta oksijin a kan wani tsumma mai tsabta, muka shiga ɗaki ɗauko kwamfuta. Muna fitowa babu ita. Muka duba ƙasa, muka duba akwati. Can na hangi Alhaji a inuwar dabino, ƙudaje sun dame shi, ya samu ɗan murfi daidai bakin kofinsa ya rufe shayi da shi. Tururi ya lulluɓe gilashin, ga shatin babban yatsa a tsakiya, da maiƙon kilishi.

Rariyar nan ita ce dalilin zuwana, ba kuma tawa ba ce, ga wanda ya yi ɓarnar ba mutumin da zan iya ɗaga wa murya ba ne. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Baba, sannu da hutawa."

Madam Iren ba ta da wannan matsalar. Ta tsaya a kansa ta yi ta zuba Faransanci, hannu na sama, fuska ta yi ja. Alhaji ya dubi Mushe Ibro ya ce, "Mi take cewa?"

Mushe Ibro ya yi gyaran murya ya ce, "Ta ce Allah ya ƙara girma."

"Duk wannan?"

"Harshensu yana da tsawo, Alhaji."

Alhaji ba yaro ba ne. Ya dubi fuskata, ya dubi murfin, ya ɗauke shi a hankali da yatsu biyu ya miƙa mata. Tun da nake ban taɓa ganin kunya a fuskar mutumin nan ba sai ranar. Madam ta shafe la'asar tana wanke gilashin da wani ruwa nata da auduga. Allah ya rufa asiri, bai karce ba.

Bayan isha'i sai ga shi ya zo inda muka kafa kaya, ba tocila. Ya ce a ba shi aiki. To, akwai wani aiki da kowa ke gudu. Taurari tafiya suke yi, madubin yana bin su da ɗan inji, amma injina tsoho ne, yana zamewa. Dole wani ya zauna ya kanga ido a ƙaramin madubi, ya tsare tauraro ɗaya a tsakiyar alama, in ya kauce ya danna maɓalli ya dawo da shi. Madam ta nuna masa kujerar ba tare da ta dube shi ba. Ya naɗe babbar riga ya zauna. Sanyi na ratsa ƙashi, muna jin sa yana yi wa tauraron faɗa ƙasa-ƙasa: "Ina za ka? Dawo nan. Kai, wanga bai da tarbiyya." Sau ɗaya ya yi gyangyaɗi ya buga goshi a bututun, hoton ya fito da taurari kamar tsutsotsi, aka sake. Amma bai tashi ba. Haka ya yi mana dararen da suka rage, har in na ce in karɓe shi sai ya ce in bari, ya riga ya san halin tauraron.

Haɗa launin da rana ake yi, a ɗaki, an rufe taga da bargo. Madam ta ba hoton farar wuta ja, na haidurojin kore, na oksijin shuɗi, ta ce in danna. Na danna. Furen nan nawa ya fito kore shar, taurarin kuma duk sun koma ruwan hoda.

Alhaji ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Mun bar hanta mun koma miyar kuka."

Ashe labarin hantar ma ya je masa.

Madam ta yi dariya karo na farko tun ranar shayi. Ta ce haka yake fara fitowa wa kowa, don haidurojin ya fi sauran ƙarfi, yana danne su. Ta koya mini yadda ake ɗaga masu raunin kafin a haɗa, a rage koren kaɗan-kaɗan ba a kashe shi duka ba, a ware taurarin a gyara launinsu daban. In na yi sauri ta buge mini hannu. Muna tafe a hankali, sai gefen furen ya fara komawa ruwan zinariya, cikinsa ya buɗe shuɗi kamar ruwan tafki, wasu baƙaƙen zare-zare da ban taɓa sanin suna nan ba suka bayyana a tsakani. Shekara biyu ina kallon abin nan ta ƙofa ɗaya.

Alhaji ya jawo kujera. Ya ce a tambayar masa ita, wane ne launin gaskiya? Ta ce da ido zai iya gani, ja-ja ne mai duhu. Waɗannan launukan mu muka zaɓa, don a bambance wace iska ce a ina. Iskar gaskiya ce, wurin da take gaskiya ne, launin ne namu.

Ya jinjina kai ya ce, "Ashe rini kuke yi. To ku ce mani rini mana tun farko! Mushe, ƙara shuɗin nan."

Madam ta ce a'a, ya isa. Ya ce bai isa ba, ba mai sayen wannan. Ta ce ba na sayarwa ba ne. Suka yi ta yi, Mushe Ibro a tsakiya yana fassara rabi yana haɗiye rabi. Da ta fita na ƙara masa shuɗin don ya gani, hoton ya koma kamar bokitin roba. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Mai da shi yadda tsohuwar ta ce. Kada ka gaya mata."

Ranar tafiya motar ta ƙi tashi, don batirinta muka yi ta ba kyamara. Ni da Mushe Ibro da Madam Iren muka tura, Alhaji na ciki yana ba da umarni. Kafin nan ya buɗe jakarsa ya ba ta turmin shadda ruwan zinariya, ita kuma ta naɗe tsohuwar rariyarta ta oksijin, wadda ta daina amfani da ita, ta damƙa masa a hannu, ba ni ba. Ta ce a gaya masa ba murfi ba ce. Wannan karon Mushe Ibro ya fassara daidai.

Da muka iso Katsina ban san hukuncin da ya yanke ba, don duk hanya bai tada maganar ba. Ya sauke ni a ƙofar gida, Hajara ta fito gaishe shi. Ya ce mata, "Ki riƙa dafa mashi shayi in zai hau bisa. Akwai sanyi." Ya ja mota.

Hoton da na kai aka wanke mini babba, kwana ɗaya ya yi a gidana. Yanzu yana rataye a shagon Alhaji a saman shaddodi, duk wanda ya shigo sai ya ji yadda "muka ɗauke shi," da yadda wani tauraro mai taurin kai ya so ya gudu aka hana shi. Sunana yakan fito wajen ƙarshe, a matsayin direba.

Makon jiya ya sake aikowa in zo. Na tarar da shi da abokansa uku, dattawan kasuwa, kowa da sabuwar tocila an ɗaure mata jan leda a baki. Ya ce sanyi mai zuwa za a koma Agadas, ya riga ya yi wa waɗannan alkawari, har da Liman in ya samu wanda zai riƙe masa masallaci.

Na ƙirga kujerun motar a zuci, na ce, "Baba, to ni fa?"

Ya ce, "Kai ai yaro ne. Ka biyo mu a motar haya. Ka dai kula da madubin."